Ƙofar Babbar Gasa

Ku gyara zama, ga wata nan ta zo muku. Ba ta dabbobin dawa ba ce, ta mutane ce irina da irinku. Idan na kai ƙarshe ba ni zan yanke hukunci ba, ku za ku yanke, saboda haka kowa ya ba ni kunnensa.

A wata jiha da ba sai na ambaci sunanta ba, akwai gasar ƙwallon zari-ruga, irin wadda ake yi da mutum goma sha uku a kowane ɓangare. Wanda bai taɓa gani ba, ƙwallo ce doguwa mai siffar gwanda. Mutum zai rungume ta a ƙirji ya ruga da gudu, abokan karawa su tare shi su kayar, har sai wani ya samu ya dire ta bayan layin ƙarshen fili. Wasa ne mai cin jiki. Ƙungiyoyi goma ne a babbar gasa, kuma 'yan wasanta da shi suke ci da iyalinsu. A ƙarƙashinta akwai ƙaramar gasa, wadda ake kira ta 'yan dagaji, inda ƙungiyoyin ƙauyuka da unguwanni ke fafatawa ba albashi. Tun ranar da aka kafa gasar, doka ɗaya ce ba a taɓa taɓawa ba. A ƙarshen kowace kaka, wadda ta zo ta ƙarshe a sama ta sauko, wadda ta zo ta ɗaya a ƙasa ta hau.

Wanda ya kawo wasan jihar wani dattijo ne da ake kira Koci Mati. Ya kafa ƙungiyar farko a garin Tudun Masaƙa, lokacin da masaƙar garin ke aiki ba tsayawa, ma'aikata na tashi daga bakin inji su wuce fili. Mutane da yawa sun wuce ta hannunsa, amma uku ya fi ji da su: Sallau, da Barau, da Jatau. Tare suka yi wasa a ƙungiyar Masaƙa, tare suka ci kofi, kuma kusan tare gwiwoyinsu suka gaji suka ajiye jesi.

Sallau ne babbansu. Ɗan garin ne, ubansa a masaƙa ya tsufa. Da aka rufe masaƙar, mutane suka watse neman abinci, shi ya ƙi tafiya. Ya gaji ƙungiyar daga hannun Koci Mati, ya riƙe filin, yana gyara rumfar 'yan kallo da hannunsa duk bayan damina. Garin ya yi shiru, shaguna sun rufe, amma ranar wasa za ka ga tsofaffin ma'aikata sun fito da jikokinsu, kowa ya san wurin zamansa. Wannan fili shi kaɗai ya rage yana tara mutanen Tudun Masaƙa wuri ɗaya.

Barau kuwa ɗan ƙauye ne. Ba wanda ya san da shi sai shekarar da ƙungiyar ƙauyensu ta hauro babbar gasa. Kaka ɗaya tak suka yi aka mayar da su ƙasa, amma a cikin wannan kakar Koci Mati ya ga gudunsa, ya je har gida ya roƙi mahaifinsa. Da Barau ya bar wasa bai zauna birni ba. Ya koma Gangaren Baure, garin kakanninsa na wajen uwa, ya tara manoma da masu fasa dutse, suka tsince duwatsun wani fako suka mayar da shi fili, suka shiga gasar 'yan dagaji.

Jatau shi ne ƙaraminsu, kuma shi ne mai ɗauke da abin da ya fi nauyi. Yana da ƙane mai suna Ɗantala, wanda ya shigo ƙungiyar Masaƙa bayansa. Wata shekara ƙungiyar ta zo wasan ƙarshe tana bakin faɗawa, sai ta ci kafin ta tsira. Ɗantala na fama da ciwon wuya tun wasan baya. Ya ce zai shiga, kuma ba wanda ya hana shi, don tsoron faɗawa ya rufe wa kowa ido. Ana cikin wasa aka kayar da shi, bai sake tashi ba. Babu likita a filin. A kan ƙyauren ƙofa aka ɗauke shi zuwa mota. Masaƙa ta ci wasan, ta tsira, Ɗantala kuwa daga ranar bai ƙara taka ƙasa ba. Jatau ne ke yi masa wanka, shi ke juya shi a shimfiɗa. Yana da shagon kayan gyaran mota, kuma saboda riƙon amanarsa aka ba shi sakataren gasar.

To, sai ga wata shekara da masifa ta zo wa gasar ta hanya biyu. Kamfanin da ke ɗaukar nauyinta ya durƙushe ana tsakiyar kaka. A daminar nan kuma kogi ya yi ambaliya, ya cinye filayen garuruwan da ke bakinsa. Albashi ya tsaya. 'Yan wasa suka fara zarewa, wani ya koma acaɓa, wani ya tafi kudu dako. Ƙungiyoyi biyu suka wayi gari ba su iya haɗa mutum goma sha uku. Hukumar wasanni ta aiko cewa idan ba a kammala kakar ba, za ta soke gasar, kuma kowa ya san gasar da aka soke ba ta cika dawowa ba.

Ga abin da Sallau ya yi. Filin Masaƙa a kan tudu yake, ruwa bai taɓa shi ba. Ya buɗe shi ga duk ƙungiyar da ta rasa nata. Ya share tsofaffin gidajen ma'aikata ya sauke baƙi, matan garin suna dafa musu abinci. Filin da aka saba yi wa wasa ɗaya a mako ya koma ana tattake shi kusan kullum, har ciyawarsa ta mutu. Bai tsaya nan ba. Ya zaɓi gwanayen 'yan wasansa ya ba ƙungiyoyin nan biyu aro har ƙarshen kaka, don kada su janye.

Kyaftin ɗinsa ya same shi ya ce, "Koci, idan ka ba da waɗannan, mu da wa za mu yi wasa? Ƙasa za mu yi."

Sallau ya ce, "Na sani. Amma idan suka janye, babu saman da za mu zauna a kai."

Haka kuwa aka yi. Masaƙa ta yi ta shan kashi. Ranar wasan ƙarshe ta haɗu da ɗaya daga cikin ƙungiyoyin da ta taimaka, kuma wanda ya dire ƙwallon da ta kai ta ƙarshen teburi shi ne Tambaya, ɗaya daga cikin 'yan wasan da Sallau ya ba da aro, haifaffen Tudun Masaƙa. Da ya dire ƙwallon bai tashi murna ba. Ya zauna a bayan layi ya kifa kai a gwiwa, mahaifiyarsa na cikin rumfa tana kallo. An kammala kaka, gasar ta tsira daga sokewa. Ba don Sallau ba, da ba a kai ƙarshenta ba.

Ga kuma abin da Barau ya yi. A wannan shekarar mutane sun riga sun yanke ƙauna, sun daina zuwa kallon babbar gasa, suna cewa gawa ce ake jira a binne. Amma a ƙasa wani abu na faruwa. Ƙungiyar Gangaren Baure ta fara cin wasa, ta ci na biye, ta ci na bayansa. Ba su da mota, a saman buhunan albasa suke hawa gingimari su je wasan waje. Da safe suna gona ko wurin fasa dutse, da yamma suna fili. Barau ya gaya musu abu ɗaya tun farko: duk wanda ya zo na ɗaya zai hau, doka ce, ba alfarmar kowa ba. Da wannan magana suka jure yunwa da targaɗe. Ɗayansu ya ɗaga aurensa zuwa bayan kaka. Wani ya ƙi aikin da aka samar masa a birni.

Labarinsu ya bazu. Ƙauyukan kewaye suka fara zuwa a ƙafa da kan kekuna. Wani gidan rediyo ya fara kawo sharhin wasansu, har masu shayi a birni suna ƙara murya idan an zo kansu. Mutanen da suka manta da zari-ruga suka dawo suna tambaya: shin 'yan ƙauyen nan za su hau kuwa? Ranar wasansu na ƙarshe kasuwar garin ba ta ci ba. Mutane sun cika fako, sun hau bishiyoyi, sun hau rufin makaranta. Suka ci, suka zo na ɗaya ba a doke su ko sau ɗaya ba. Ba don Barau ba, da gasar ta kammala kakarta ba mai kallo, ba kuma mai sha'awar ta sake dawowa.

Ga kuma abin da Jatau ya yi. Ya san ko an kammala kaka, ko an cika fili, gasar da ba mai ɗaukar nauyinta ba za ta ga wata shekara ba. Ya rufe shagonsa, ya bar Ɗantala a hannun matarsa da maƙwabta, ya shiga bin ƙofofin kamfanoni gari-gari. Wani wuri a bar shi zaune a benci har a tashi aiki. Wani wuri a ce masa ba a san wasan ba. Abokan cinikinsa suka koma wasu shaguna. Daga ƙarshe wani kamfanin sarrafa shinkafa ya yarda ya turo wakili ya gani da idonsa. Jatau bai kai shi babbar gasa ba. Ya ɗauke shi ta hanyar da ba kwalta har Gangaren Baure, ranar wasan nan na ƙarshe. Wakilin ya ga mutane a kan bishiyoyi, ya ji ihun da ya tashi, ya koma ya gaya wa shugabanninsa.

Kamfanin ya amince zai riƙe gasar shekaru masu yawa. Za a biya albashi a kan kari. Kowane wasa za a ajiye likita da motar asibiti a bakin fili. Duk wanda ya ji rauni za a kula da shi, har da waɗanda suka ji tun da, irin su Ɗantala. Amma da sharaɗi ɗaya: a rufe ƙofa. Ƙungiyoyi goman da ke sama su zauna dindindin, ba hawa ba sauka. Kamfanin ya ce ba zai gyara fili a gari ba, baɗi a ce garin ya faɗa, a tura shi ƙauyen da ba hanya ba wuta. Ba don Jatau ba, da duk wahalar sauran biyun ta tashi a banza.

Na ga wasunku suna motsa baki. Za ku ce a ƙara ƙungiya ɗaya mana, Masaƙa ta zauna, Gangaren Baure ta hau, kowa ya huta. An kawo wannan shawara. Kamfanin ya ce goma ya yi alkawari, ba zai ƙara ba. Kuma ko da ya ƙara, baɗi wata za ta zo ta ƙarshe, wata ta zo ta ɗaya, tambayar ta dawo yadda take. Saboda haka ku ajiye wannan.

Shugabannin ƙungiyoyi suka zauna, suka kasa daidaitawa. Kowane ɓangare ya samu masu goya masa baya, babu wanda ya rinjayi wani. Sai aka ce a kai maganar gaban Koci Mati, abin da ya yanke kowa ya bi. A lokacin tsufa ya kama shi, ba ya fita. Su ukun suka same shi da hantsi a zaurensa, kishingiɗe a kan tabarma. Suka gaishe shi, suka zauna a ƙasa kamar yadda suka saba tun suna samari.

Barau ya fara. Ya ce, "Baba, ni ban zo roƙo ba. Doka ka kafa, mun bi ta. Na gaya wa yaran nan idan sun ci za su hau, sun ci. Yanzu in koma in ce musu me? In ce an canza doka bayan an busa usur? Idan aka rufe ƙofar nan, ba Gangaren Baure kaɗai aka kashe ba. Duk ƙauyen da ke da fili zai mayar da shi gona, don ba wanda zai fasa jikinsa a wasan da ba ya kai shi ko'ina. A bar doka yadda take."

Jatau ya ce, "Baba, ni kullum da safe nake ganin abin da dokar nan ta haifa. Ni nake ɗaga shi, ni nake kwantar da shi. Tsoron faɗawa ne ya sa Ɗantala ya shiga fili da ciwo, kuma tsoron ne ya sa duk muka yi shiru. Ƙungiya nawa ta sauka ta dawo? Ka ƙirga da kanka. Suna sauka 'yan wasa su watse, magidanta su rasa abin kai wa gida. Yau ga wanda zai kawo mana likita bakin fili. Yaya Barau, ina jin zafin da kake ji, wallahi ina ji. Amma a rufe ƙofar."

Sallau ya gyara zama. Sannan ya ce, "Baba, ni na zo na ƙarshe, ban musa ba. Amma kowa a nan ya san dalili. Idan Masaƙa ta sauka, filin nan ba zai kai baɗi ba, masu son yanka shi fuloti sun daɗe suna zagaye. Garin da ya rasa masaƙarsa zai rasa abin da ya rage masa. Ban ce a rufe ƙofa ba, ban kuma ce a bar ta yadda take ba. Cewa na yi kada maki kaɗai ya yanke. A riƙa auna ƙungiya da filinta, da yaran da take tarbiyyantarwa, da abin da ta yi wa gasa. Wadda ta cika ma'auni ta hau, wadda ta gaza ta sauka." Jatau ya ƙara da cewa ya taɓa wa kamfanin wannan magana, sun ce za su duba, amma ba su yi alkawari ba.

Dattijon ya saurare su duka idonsa a rufe. Da suka gama ya buɗe, ya dubi Barau.

"Barau, idan aka bi doka kamfani ya tafi, wace gasa za ku hau? Kuma ranar da ɗaya daga cikin masu fasa dutsenka ya kwanta a fili ba likita, me za ka gaya wa uwarsa?"

Barau ya sunkuyar da kai.

Dattijon ya juya ga Jatau. "Kai kuma, mutanen da wakilin nan ya gani a kan bishiyoyi, me ya hau da su? Ba son ganin ko za a hau ba? Ƙungiyar da ta san ko ta sha kashi duk shekara ba abin da zai same ta, wa zai bar aikinsa ya je kallonta? Da ƙofar a rufe take tun farko, a ina za ka san wannan da kake kira yaya?"

Jatau ya kawar da kai gefe.

Sannan dattijon ya dubi Sallau, ya daɗe yana dubansa. "Sallau, wa zai riƙe ma'aunin? Ba masu fili da rumfa ba? Yaushe ƙauye zai cika ma'aunin da birni ya yanka? Kuma ka gaya mini tsakaninka da Allah: da ba Masaƙa ce ta zo ta ƙarshe ba, da ka kawo wannan shawara?"

Sallau ya ce, "Ban sani ba, Baba."

Dattijon ya ce su ba shi lokaci ya yi tunani, su dawo bayan sallar Juma'a. Suka yi masa sallama suka fita, kowa ya kama hanyarsa ba tare da ya dubi ɗan'uwansa ba.

Ranar Alhamis da la'asar Allah Ya karɓi ran Koci Mati. Bai bar wa kowa saƙo ba, iyalinsa ma sun ce bai furta komai a kan maganar ba. Su ukun ne suka kama makararsa. Mutanen Tudun Masaƙa suka fito, na Gangaren Baure suka zo a gingimarinsu, aka turo Ɗantala a kekensa har bakin maƙabarta. Aka yi sahu ɗaya aka sallace shi. Da aka watse, su ukun suka tsaya a bakin kabarin, ga alkawarin da suka ɗauka na bin hukuncinsa, ga shi babu hukuncin. Kamfani na jiran amsa kafin sabuwar kaka. 'Yan wasan Masaƙa ba su san ko su nemi wata sana'a ba. Na Gangaren Baure kuwa kullum da yamma suna fita fako suna atisaye, suna jiran a kira su.

To, jama'a, kun ji. Ba don Sallau ba, da an soke gasar. Ba don Barau ba, da ba wanda ya waiwaye ta. Ba don Jatau ba, da ba ta da gobe. Kowannensu ya ba da abin da ya fi ƙarfinsa, kowannensu kuma an yi masa tambayar da ya kasa amsawa. Ni na kawo ta inda zan iya. Ku gaya mini, a cikin su ukun, wane ne ya fi cancanta a bi maganarsa?